Alexanderplatz: yadda karar shanun Berlin ta samu sunan sarkin Rasha

Duk wanda ya taɓa sauka a Berlin, da wuya bai ratsa ta Alexanderplatz ba, domin nan ne mahaɗar jiragen ƙasa da taragun titi da motocin bas na gabashin birnin. Abin da ke ɗaure wa baƙi kai shi ne, dandali mafi shahara a babban birnin Jamus ba sunan Bajamushe yake ɗauke da shi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Wane Alexander ne aka sa wa dandalin sunansa?

Alexander na ɗaya ne, sarkin Rasha, wanda ya hau karaga a 1801 ya mutu a 1825. Mutane da yawa suna zaton Alexander mai yaƙe-yaƙen nan na Masedoniya ne, wanda Larabawa ke kira Iskandar. Ba shi ba ne, tsakaninsu akwai shekara fiye da 2000. Wasu kuma suna rikita shi da Alexander na biyu, wanda ya 'yanta manoman Rasha daga bautar gandu a 1861. Wannan ɗan ƙanen Alexander na ɗaya ne, kuma ba a ma haife shi ba lokacin da aka raɗa sunan.

Mene ne ma'anar sunan, kuma yaya ake furta shi?

Kalma biyu ce aka liƙa wuri ɗaya, kamar yadda Jamusanci ya saba: Alexander, sai Platz, wato fili ko dandali. Ana furta shi kusa da "Aleksanda-plats". Harafin z na ƙarshe t da s ne a haɗe, ba z irin tamu ba. A takardar da ta raɗa sunan an raba kalmomin da ɗan karan ɗori, daga baya aka haɗe su.

Kafin 1805 me ake kiran wurin?

Sunaye ya yi ta sauyawa, kuma kowane suna yana gaya maka aikin da wurin ke yi a lokacin.

Asali fili ne a bayan ganuwa, a bakin ƙofar da hanyoyin arewa maso gabas ke shigowa gari. Ana kiran ƙofar Oderberger Tor, da sunan garin da hanyar ta nufa. Da aka gina asibiti da coci da sunan waliyyin Kirista George a wajen ƙofar, sai ta koma Georgentor.

A 1681 mai mulkin Brandenburg, yankin da Berlin take ciki, wato Friedrich Wilhelm, ya hana cinikin dabbobi da kiwon alade a cikin gari saboda ƙazanta da wari. Dillalai suka kwashe suka koma bakin wannan ƙofa, filin ya zama kara. Daga nan sunan Ochsenmarkt ko Ochsenplatz ya fito, wato kasuwar shanu. Wanda ya san yadda kara ke zama a gefen gari, inda garke zai iya isowa ba tare da ya kutsa lunguna ba, ya riga ya fahimci dalilin.

Sai 1701. A watan Janairun shekarar ɗansa Friedrich, wanda ya gaje shi, ya naɗa wa kansa sarauta a Königsberg, ya zama sarki na farko a Purusiya, ƙasar da Jamusawa ke kira Preußen. Da ya dawo Berlin ranar 6 ga Mayu ta wannan ƙofa ya shigo, saboda haka aka mai da ita Königstor, ƙofar sarki, filin gabanta kuma ya zama dandalin ƙofar sarki. Sai dai bakin talakawa bai bi takarda ba, kasuwar shanu suka ci gaba da cewa. A cikin ƙarni na 18 wani ɓangare na filin ya zama wurin faretin soja ana kiran sa Paradeplatz, aka kuma riƙa cin babbar kasuwar gashin tumaki a nan. Ita ƙofar kanta an rushe ta a 1746, bayan gari ya faɗaɗa ya wuce ta.

Me ya kawo sarkin Rasha Berlin a 1805?

Roƙo ya zo yi, duk da cewa an tarbe shi da tambura. A shekarar Birtaniya da Ostiriya da Rasha sun haɗa kai domin yaƙar Napoleon, sarkin Faransa, kuma suna bukatar rundunar Purusiya. Shi kuwa sarkin Purusiya, Friedrich Wilhelm na uku, mutum ne mai jan ƙafa, ya yi shekaru yana riƙe da matsayin 'yan ba ruwanmu, ba ya son ya ɓata da kowa.

Abu biyu suka taru a watan Oktoba. A farkon watan dakarun Faransa ƙarƙashin Bernadotte suka keta ta Ansbach, wadda ƙasar Purusiya ce, ba tare da neman izini ba, abin ya harzuƙa fadar Berlin. Sannan ranar 20 ga watan rundunar Ostiriya ta miƙa wuya ga Napoleon a Ulm. Tun da ya ji labarin Ansbach Alexander ya ga cewa a bugi ƙarfe da zafinsa, ya taso da kansa. Ba baƙin juna ba ne, sun taɓa haɗuwa a Memel a 1802, inda ya shaƙu da sarkin da kuma sarauniya Luise.

Ya iso Berlin ranar 25 ga Oktoba 1805 daga gabas, aka tarbe shi a filin faretin da ke gaban tsohuwar ƙofar sarki.

Ta wace hanya aka raɗa sunan?

Da umarnin fada. Ranar 2 ga Nuwamba 1805, baƙon yana nan bai tafi ba, sarki ya ba da umarni a rubuce, hukumar 'yan sandan birni ta shelanta wa jama'a. Babu majalisa, babu jin ra'ayin mazauna unguwa.

Akwai abu biyu a cikin takardar da ba a cika ambata ba. Na farko, wuri biyu aka sauya wa suna a lokaci guda: wani lungu mai suna Sandgasse ya zama Kaiserstraße, titin babban sarki, shi ma domin Alexander. Na biyu, takardar ba ta kira filin da wani suna mai daraja ba. Ta kwatanta shi ne da filin da ke gaban Arbeitshaus, gidan da aka gina a 1758 inda ake tsare mabarata da marasa galihu ana sa su aikin dole. 'Yan gari suna kiran gidan Ochsenkopf, kan sa. Wato filin da aka yi wa sarkin Rasha kyauta da shi ba tsakiyar gari ba ne a wancan zamani, unguwar masaƙa da barikin soja da talakawa ce a gefe. Kusan shekara 80 bayan haka ne, da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a 1882, wurin ya fara zama cibiya.

Me ya sa ake ganin ranaku daban-daban a rubuce-rubuce?

Saboda ana gauraya abubuwa uku. Ranar 25 ga Oktoba ranar isowa ce. Ranar 2 ga Nuwamba ranar umarnin raɗin suna ce, kuma ita ya kamata a rubuta idan ana maganar sunan. Idan kuma ka ci karo da 13 ga Oktoba a rubutun da aka ɗauko daga Rashanci, ba kuskure ba ne: Rasha tana kan tsohuwar kalandar Juliyas a lokacin, wadda a ƙarni na 19 take bayan ta Yammacin Turai da kwana 12. Ƙara 12 a kan 13, ka samu 25. Kuskuren da ake yi shi ne ƙara kwana 13, wanda tazarar ƙarni na 20 ce.

Ƙawancen da aka yi wa wannan karramawa ya yi ƙarko?

Bai kai wata biyu ba. Washegarin raɗin suna, 3 ga Nuwamba, aka sa hannu a yarjejeniyar Potsdam. Purusiya ta yi alkawarin shiga tsakani, idan Napoleon ya ƙi sharuɗɗan sulhu kuma ta shiga yaƙi da soja 180,000. Kafin Alexander ya kama hanya, shi da sarki da sarauniya suka sauka cikin dare zuwa kabarin tsohon sarkin Purusiya Friedrich na biyu a cocin barikin Potsdam, suka yi wa juna rantsuwar amana.

Sarki ya aiki ministansa Haugwitz da saƙon gargaɗi zuwa ga Napoleon. Haugwitz bai yi sauri ba, Napoleon kuma ya yi ta ja masa rai. Ranar 2 ga Disamba Faransa ta ragargaji rundunar Rasha da ta Ostiriya a Austerlitz. Ranar 15 ga Disamba, manzon da aka aika da barazana ya sa hannu a yarjejeniya da Napoleon a Schönbrunn: Purusiya ta karɓi Hanoba, ta saki Ansbach da wasu yankuna.

Abin bai tsaya nan ba. A 1806 Purusiya ta shiga yaƙi da Faransa tun sojojin Rasha ba su iso ba, aka murƙushe ta a Jena da Auerstedt ranar 14 ga Oktoba. Ranar 27 ga watan Napoleon ya shiga Berlin, shekara guda da kwana biyu bayan tarbar Alexander. A sulhun Tilsit na 1807 Purusiya ta rasa kusan rabin ƙasarta, kuma aminin da ya yi rantsuwa a bakin kabari ya karɓi yankin Bialystok daga cikin abin da aka yanka.

To me ya hana a cire sunan bayan wannan?

Sarkin da ƙasarsa ta rage rabi ba shi da ƙarfin tsokanar maƙwabcin da ya rage masa. A takardar Tilsit ma an rubuta cewa Napoleon ya mayar wa sarkin Purusiya yankunan da ya mayar ne saboda girmama sarkin Rasha. Daga baya kuma al'amura suka juya. Bayan rundunar Napoleon ta halaka a Rasha a 1812, ƙasashen biyu suka sake ƙulla ƙawance a Kalisch a watan Fabrairun 1813, sojojin Rasha suka shiga Berlin a farkon Maris a matsayin masu ceto, kuma a 1814 sarakunan biyu suka shiga Paris tare.

Daga nan sunan ya samu 'yan'uwa. Manyan filaye uku na yammacin tsohon birnin, waɗanda da ake kira da siffarsu kawai, an raɗa musu sunayen nasarori: mai kusurwa huɗu ya zama Pariser Platz a 1814, mai kusurwa takwas ya zama Leipziger Platz saboda yaƙin Leipzig na 1813, mai da'ira kuma ya zama Belle-Alliance-Platz a 1815, sunan da Purusiya ke kiran yaƙin Waterloo da shi. Zumunci ya ƙara ƙarfi da auratayya: a 1817 'yar sarki, Charlotte, ta auri Nikolai ƙanen Alexander, wanda ya gaje shi. Da Alexander ya mutu, sarki ya gina ƙauyen gidajen katako irin na Rasha a Potsdam ya sa masa suna Alexandrowka. Yana nan har yau.

Jamus ta yi yaƙi da Rasha sau biyu, gwamnatoci sun yi ta sauyawa. Babu wanda ya taɓa sunan?

Babu, kuma wannan ne abin mamaki na gaske, domin Berlin gari ne da kowace gwamnati ke fara aiki da allunan tituna. Dubi maƙwabcinsa na kusa, tafiyar minti kaɗan da ƙafa. Da Bülowplatz ake kiran sa, 'yan Nazi suka mai da shi Horst-Wessel-Platz a 1933, bayan yaƙi ya zama Liebknechtplatz, sannan Luxemburgplatz, sannan Rosa-Luxemburg-Platz a 1969. Gendarmenmarkt ya zama Platz der Akademie a 1950, ya koma sunansa a 1991. Babban titin da ya tashi daga Alexanderplatz ya nufi gabas an sa masa Stalinallee a 1949, aka goge a 1961 aka rubuta Karl-Marx-Allee. Königstraße, titin sarki da ke shigowa dandalin, ya zama Rathausstraße a 1951, domin gwamnatin kwaminisanci ta Jamus ta Gabas ba ta son jin ɗuriyar sarakuna.

Amma sarkin da 'yan kwaminisanci suka kifar da gidansu a Rasha, an bar masa dandalinsa, har ma aka mai da shi abin nuna wa duniya. A ganinmu dalili biyu ne. Masu mulkin Jamus ta Gabas suna yawan kafa hujja da ƙawancen Rasha da Purusiya na 1813 domin nuna cewa abota da Mosko tsohuwa ce, don haka sunan bai yi musu ƙaiƙayi ba. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, sunan ya daɗe da rabuwa da mai shi.

Me ake nufi da cewa ya rabu da mai shi?

Ɗan Berlin ba ya cewa Alexanderplatz sai a takarda ko a sanarwar tasha. "Alex" yake cewa. Idan ya faɗi haka ba sarki ne ke zuwa masa a rai ba, sai tasha da kantuna da cunkoso, da kuma tsohuwar hedkwatar 'yan sanda mai jan bulo da aka kammala a 1890, wadda ake kira Rote Burg. Littafin ƙagaggen labari na marubuci Alfred Döblin na 1929 mai ɗauke da sunan dandalin ya ƙara liƙa shi da rayuwar talakan birni. Sai kuma zanga-zangar 4 ga Nuwamba 1989, inda ɗaruruwan dubban mutane suka cika filin suna neman 'yancin magana, kwana biyar kafin katangar Berlin ta faɗi. Suna mai irin wannan kaya a kansa, cire shi sai ya zama kamar an cire tarihin jama'a ne, ba na sarki ba.

'Yan kasuwa ma sun ci moriyarsa. Katafaren rukunin kantunan da aka buɗe a 2007 a filin tsohuwar hedkwatar 'yan sanda sunansa Alexa.

Dandalin da ake gani yau shi ne wanda aka tarbi sarkin a kai?

Wurin dai shi ne, siffar ce ba ita ba. Babu gini ko ɗaya na 1805 da ya rage a kansa. Bama-bamai da faɗan 1945 sun rusa mafi yawansa, sannan a shekarun 1960 aka kawar da titunan mota daga tsakiya aka buɗa filin ya ninka girmansa na da kusan sau huɗu.

Duk da haka ana iya gano tsohon tsarin da ƙafa. Daga babbar tashar Berlin ka hau jirgin S-Bahn mai nufar gabas, layin S3 ko S5 ko S7 ko S9, tasha ta uku ita ce. Da ka sauko, tsaya ƙarƙashin gadar jirgin inda Rathausstraße ta ratsa. Gadar an ɗora ta ne a kan tsohon gwalalon ganuwa da aka cike, saboda haka layin dogo shi ne iyakar tsohon gari. Ka ba jan ginin majalisar birni baya: abin da ke bayanka cikin gari ne, abin da ke gabanka bayan ganuwa, nan karar take. Gine-gine biyu masu hawa takwas da za ka ratsa tsakaninsu, Alexanderhaus da Berolinahaus, aikin Peter Behrens ne na tsakanin 1929 da 1932, kuma su kaɗai suka rage daga dandalin kafin yaƙi. Agogon duniya mai fuska 24 da za ka tarar a gaba na 1969 ne.

Kada ka ruɗe da wani wuri mai suna Königstor da ke can arewa maso gabas a taswirar yau. Wata ƙofa ce daban ta katangar kwastan, wadda ta gaji sunan bayan tsohuwar ta daɗe da rushewa. Ginshiƙan ado da suka taɓa tsayawa a mashigar dandalin kuwa, Königskolonnaden, an kwashe su a 1910 zuwa Kleistpark a Schöneberg.

Doguwar hasumiyar talabijin a kan dandalin take?

A'a, tana ɗaya gefen layin dogo, adireshinta ma Panoramastraße ne. Tsayinta mita 368, an buɗe ta a Oktoban 1969. Amma kowa yana cewa tana "Alex", kuma ba wanda zai gyara maka.

A yau wa ke da ikon raɗa wa dandali suna ko sauya shi a Berlin?

Gunduma. Berlin tana da gundumomi 12, Alexanderplatz yana cikin Mitte. Galibi shawara takan taso daga ƙungiyoyi ko 'yan siyasa, majalisar gunduma ta tattauna ta kaɗa ƙuri'a, sannan ofishin gunduma ya yanke hukunci a buga a jaridar gwamnati. Mazauna wurin suna da wata guda su shigar da ƙorafi a rubuce. Idan aka yi watsi da shi suna iya garzayawa kotun da ke sauraron ƙararraki a kan hukumomi. Bayan an kafa sabon allo, tsohon yakan zauna tare da shi an ja masa layi na wata shida, domin masu kai wasiƙu da motocin asibiti su saba.

Akwai sharuɗɗa. Ba a sa sunan mutum sai ya yi shekara biyar da mutuwa, wanda ke nufin karramawar da aka yi wa Alexander yana zaune a fada da ransa ba za ta yiwu ba yanzu. Ba a maimaita sunan da wani titi ke da shi a birnin. Sauya suna kuma ba a yin sa don sha'awa: sai idan sunan ya maimaitu, ko yana ɗaukaka 'yan Nazi, ko masu adawa da dimokuraɗiyya na zamanin kwaminisanci, ko kuma, tun 2020, masu hannu a mulkin mallaka.

Inda abin ke cijewa kusan kullum wuri ɗaya ne: ƙorafe-ƙorafen mazauna da 'yan kasuwa, waɗanda za su sauya adireshi a katin shaida da takardun banki da allunan shaguna. Muddin shari'a ba ta ƙare ba, allo ba ya hawa.

Akwai misalin dandalin da aka sauya wa suna ta wannan hanya?

Akwai, kuma ya shafe mu. A unguwar Wedding akwai wani dandali da ake kira Nachtigalplatz tun 1910, da sunan Gustav Nachtigal. Shi ne matafiyin da ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtuka daga sarkin Purusiya Wilhelm na ɗaya zuwa ga Shehu Umar na Borno. Wannan Wilhelm ɗin ɗa ne ga sarkin da ya raɗa wa Alexanderplatz suna. Sai dai Nachtigal ɗin ne kuma ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884, kuma wannan ne ya jawo aka cire sunansa.

Majalisar Mitte ta amince da sabon suna a 2018, amma ƙorafi da shari'a suka riƙe shi har Disamban 2022, fiye da shekara huɗu. Yanzu Manga-Bell-Platz ne, domin tunawa da Rudolf Duala Manga Bell, sarkin Duala da Jamusawa suka rataye a watan Agustan 1914 saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen jama'arsa, da kuma tunawa da matarsa Emily.

Ana iya sauya sunan Alexanderplatz ta wannan hanya?

Da wuya ƙwarai. Alexander na ɗaya ya mutu shekara fiye da 100 kafin 'yan Nazi su hau mulki, ba shi da hannu a mulkin mallakar Jamus, kuma babu wani dandali a Berlin da ke takara da shi a sunan. Ga kuma tsadar aikin: tashar jirgin ƙasa da layukan ƙarƙashin ƙasa uku, U2 da U5 da U8, da taragun titi da bas duk da wannan suna suke aiki, kuma kowace taswira da kowane allon tasha sai an sake shi.